Bindigar kakana da ta ƙi tashi ana gobe Sallah

Bindigar toka ce, irin mai ƙanƙara ɗin nan ta da, wato mai dutsen ƙyasta wuta, ba mai kef ba da yawancin mafarauta ke riƙewa yanzu. Kakana ya bar ta, ni kuma nake fita da ita cikin 'yan bindiga ranar hawan Sallah a garinmu, albarushi kawai muke ɗurawa ba dalma. Bara ana gobe hawa na fita bayan gari gwaji, na ja kunama sai ƙas, shiru. Na sake, ƙas. A karo na uku albarushin ɗan kaskon gefe ya kama fuu amma na cikin bututu ko gezau, wallahi raina ya ɓaci sosai don bindigar nan ina ji da ita.

Ni duk zatona albarushi ne ya sha sanyi tunda damina ce, har na shanya shi na canza wani, duk ɗaya. Da yamma na kai wa wani tsohon maƙeri a unguwarmu da ya san kakana. Abin da ya fara tambaya, "Ɗana, a ɗure take?" Sai da ya zura sandar ɗuri ya tabbatar ba komai ciki, sannan ya shiga da ita zaure inda ba haske ya ja kunama. Tartsatsi biyu ko uku ne suka fito, jajaye marasa ƙarfi. Ya ce ka gani, ba ruwan albarushi, wuta ce ba ta zuwa.

A nan na koyi abin da ban sani ba duk shekarun nan, ashe tartsatsin ba daga dutsen yake fitowa ba, ƙarfen da ƙanƙarar ke doka ne take kankarowa ƙanana-ƙanana su kama wuta, kamar dai ƙyastu. To idan bakin ƙanƙara ya dakushe sai dai ta doki ƙarfen ba ta yanka shi ba. Tawa bakinta ya yi mulmul, ga shi tana rawa a mazauninta don fatar da ke riƙe ta ta bushe ta tsage. Ya yanko sabuwar fata ya naɗe ta ya ɗaure tam, ya saita ta yadda bakinta gaba ɗaya zai haɗu da fuskar ƙarfen ba gefe guda ba, kuma ta sauka can sama ta karto ƙasa. Sannan ya ɗan daddoki bakin a hankali da guntun tagulla har ɓarɓashi ya fita, kaifi ya dawo.

Na ce Baba to me ya sa take cin ƙanƙara haka, harbi biyar shida ta lalace? Ya nuna min fuskar ƙarfen, duk ta yi kwari-kwari, taurin saman ya cinye saura ƙarfe mai laushi, shi ke kakkarya bakin dutse kuma ba ya ba da wuta. Dutse mai kyau a kan ƙarfe mai kyau yakan kai harbi 20 ko fiye. Ya goge fuskar ya sake mata tauri a maƙera, wannan aikin shi ya fi cin lokaci kuma gaskiya ba na mai koyo ba ne, in tauri ya yi yawa ƙarfen tsagewa yake.

Ƙanƙarar ma samunta wahala ne yanzu. Na da baƙaƙe ne, yawanci daga wani gari Brandon a Ingila ake sassaƙo su ana kawowa Afirka ta Yamma, na Faransa kuma kalar zuma. Guda huɗu suka rage a jakar kakana, shi ya sa na daina jan kunama a banza.

Saura matsalar kasko ya kama ciki bai kama ba. Ɗan hujin da wuta ke bi ne ya toshe da dattin albarushi, dattin nan kuwa jan raɓa yake musamman da damina. Siririyar waya ta buɗe shi. Kuma ya hana ni cika kaskon har ya rufe hujin, ya ce kaɗan ya isa, in ya yi yawa jinkiri yake kawowa. Maiƙo ma kada ya taɓa dutsen ko fuskar ƙarfen, a goge da busasshen ƙyalle.

Abin da ya fi jaddada min, in ta ƙi tashi kada in juyo bakinta ko in leƙa, sai dai in riƙe ta sama nesa da mutane in jira minti guda, don wani lokaci wutar na ci a hankali sai ta tashi daga baya, kuma kada in kuskura in gyara bakin ƙanƙara alhali tana ɗure. Ranar hawa na yi harbi tara, sau ɗaya ta ƙi, na jira, na zura waya a hujin na sake zuba na kasko ta tashi.