Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Aka Gwada Hannuna na Hagu

A makon jiya na tsaya a inda hoto ya nuna jijiyoyin zuciyata uku sun toshe, aka ce sai tiyata. Ranar Talata muka koma asibiti da babbar 'yata, ita ce tafintata. Muna idar da sallar asuba muka bar Agege, amma sai da hantsi muka isa.

A zatona buɗe ƙirji za a yi a yashe jijiyar kamar kwata. Ashe ba haka ba ne. Likitan ya zana mini a takarda: wurin da ya toshe barinsa ake yi, a yi wa jini ratse, kuma jijiyar ratsen daga jikina za a ciro ta.

Ta farko tana kwance a bayan ƙashin ƙirji, ta hagu. Ba a raba ta da tushenta, bakinta kawai ake saki a ɗinka a babbar jijiyar gaban zuciya. Ya ce wannan babu gardama a kanta, fiye da 90 cikin 100 suna nan a buɗe bayan shekara 10. Sai doguwar jijiyar ƙafa, wadda aikin likita René Favaloro a Cleveland ta Amurka ya yaɗa amfani da ita tun 1967. Tana da sauƙin cirowa, amma asalin aikinta mayar da jini zuciya ne a hankali, ba ta saba da ƙarfin bugu ba. Kusan rabinsu kan toshe ko su lalace cikin shekara 10. Nan na gane shi tun 'yata ba ta gama fassara ba. Shekara 31 ina ɗinki, na san ba a yi wa shadda maho da akoko.

Na ce a tambaye shi, ba wata irinta a ƙirji ta dama? Ya ce akwai, amma ina da ciwon suga. In aka ɗauke duka biyun jinin da ke ciyar da ƙashin ƙirji yakan ragu, miki ya ƙi warkewa. Sai ya dubi hannuna, don a nan ma akwai jijiyar da ake cirowa. Na dama ba zai yiwu ba, ta wuyansa aka zura bututun ɗaukar hoto. Saura na hagu.

Gabana ya faɗi fiye da ranar da aka ambaci tiyatar. Ɗinkin hannu nake yi, aska takwas da wuyan babbar riga. Dama ke riƙe allura, amma hagu ke tattare yadi, yatsunta ke jin tsinin allura kafin ido ya gan shi. Da hannun nan na ciyar da mutum tara a Legas.

'Yata ta ce, "Baba, ya ce ka miƙo hannun." Ya sa na dunƙule shi tam, ya danne gefe biyu na wuyan hannun da yatsunsa, ya ce in buɗe. Tafin ya yi fari fat. Sai ya saki gefen ƙaramin yatsa kaɗai. 'Yata na ƙirgawa a fili, ba ta kai shida ba ja ya malalo har kan yatsu. Ya ce jijiyoyi biyu ke kawo wa hannu jini, ta biyun tawa za ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Bai ɓoye mini komai ba. Gindin babban yatsa na iya yin dindiris, kuma zan sha magani don kada jijiyar da aka ciro ta tsuke. Aka tsayar: ta ƙirji, ta hannu, ta ƙafa ta cike ta uku.

Da muka dawo ban shiga gida ba, shago na wuce. Akwai rigar wani ango da saura wuya. Na zauna a kanta har aka kira isha'i, don in miƙa ta kafin ranar kwanciya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo daren jajibirin tiyata.