Cire tiyon ruwa daga bakin injekta: me mota ke samu a Kano?

Buɗe bonet ɗin Corolla ko Accord, ka bi babban tiyon iska daga iyakilina har inda ya ƙare. Ƙarfen nan mai faifai a ciki, wanda ke buɗewa idan ka taka totur, shi makanikai ke kira bakin injekta. Leƙa ƙarƙashinsa, za ka ga ƙananan tiyo biyu da kaurinsu bai wuce yatsa ba. Ruwan lagireto ne ke shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayan, da zafinsa na kusan digiri 90.

Ba don mu aka sa su ba. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, iska mai laima kan daskare a gefen faifan, ƙanƙara ta riƙe shi, totur ya maƙale. Mu kuwa a Kano, lokacin da muke sanyi, Disamba da Janairu, iskar hunturu a bushe take ƙayau. Lokacin da laima ta zo a Agusta kuma, babu sanyin da zai daskarar da komai. Ta wannan fuskar, cire tiyon ba shi da haɗari a nan.

Sai dai masu cewa mota na ƙara gudu idan an cire tiyon sun cika baki. Gaskiya ne iska mai sanyi ta fi nauyi, kuma duk digiri 5 zuwa 6 da ka rage mata, injin na samun ƙarin ƙarfi kusan kashi 1 cikin 100. A injin mai ƙarfin doki 130, doki ɗaya ke nan da 'yan kai. To, injin lita 1.8 da ke juyi 6,000 a minti yana zuƙar iska kimanin lita 90 a daƙiƙa guda. Yaushe iskar ta tsaya a ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu ba, har ta ɗau zafi? A cunkoson Afrilu kuma, zafin cikin bonet kaɗai ya isa ya gasa ƙarfen ko babu ruwa. Wanke bakin injektan da sauya matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe sun fi wannan aiki tasiri nesa ba kusa ba.

Inda aikin ke da rana shi ne gyara. Shekaru ana ɗura wa lagireto ruwan famfo, tsatsa ta cinye ƙananan bututun da tiyon ke hawa, ruwa na zurarewa a hankali har mota ta fara zafi. Maimakon sayen wani bakin injektan a kasuwar Ƙofar Ruwa, sai a kewaye shi.

Kafin ka taɓa komai, duba irin motarka. Tsofaffin Honda na shekarun 1990, irin su Hala, suna da bawul mai kakin zuma a ciki wanda ke ɗaga silo (juyin injin idan ba a taka totur ba) da safe, zafin ruwan nan ne kuma ke rufe shi. Ka raba shi da ruwa, zai ɗauka har yanzu injin bai ɗumama ba: silo ya tsaya a sama, ko ya riƙa hawa da sauka, mai na ƙonewa a banza. Duk motar da ruwan ke ratsa bawul ɗin silonta, a ƙyale ta. Masu totur na lantarki, waɗanda ba su da waya daga feda, ba su da wannan bawul, don haka aikin ya fi sauƙi a kansu.

Bari injin ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto, ka tsiyaye kamar lita ɗaya a roba mai tsabta. Cire babban tiyon iska don hannu ya samu wuri, ka matse kilif da filaya, ka murɗa kowane tiyo kafin ka ja shi, don tsohon tiyo yagewa yake. Yawancinsu milimita 8 ne a ciki, amma auna naka. Haɗa bakunan biyu da mahaɗin tagulla da kilif a kowane gefe. Mafi kyau ma, sa sabon tiyo guda ɗaya daga mafitar ruwan zuwa mashigarsa, ka rage wurin yoyo. Na ruwan zafi za ka saya, ba na fetur ba, kuma kada ya lanƙwashe ko ya goga jikin ƙarfe.

Kuskuren da aka fi yi a gareji shi ne cusa ƙusa a kowane tiyo a ɗaure da waya. Matsin ruwan yana kai kusan bar 1 a ma'aunin matsi idan injin ya yi zafi, sannu a hankali zai nemi hanya ta zaren ƙusar. A wasu injuna ma wannan layin na cikin hanyar da ruwa ke zagayawa, toshe shi na tara iska.

Hura sauran ruwan da ke cikin bakin injektan, ka rufe bututunsa da hular roba. Mayar da ruwan da ka tsiyaye, ka tayar da mota murfi a buɗe, hita a ƙure, har kumfa ta daina fitowa kuma fanka ta tashi sau biyu. Idan silo ya soma rawa bayan aikin, fara zargin iskar da ta maƙale kusa da sensar zafi. Washegari da safe, kafin ka murɗa makulli, sake duba ruwan, ka shafa yatsa a ƙarƙashin kowane kilif.