Fuskar da ba ta sheƙi, kada ruwa ya taɓa ta

Gilashin negatif 12, wato farantan gilashin da ake ɗaukar hoto a kansu a da, na saya a gwanjon kayan gado a wani ƙauyen jihar Nebraska ta Amurka, masu inci 5 da 7, a jibge cikin akwatin katako da tsohuwar jarida a tsakaninsu. Guda 11 sun tsira. Ɗayan ni na kashe shi da hannuna, da auduga mai ɗan danshi, kafin ƙiftawar ido.

Gilashin nan fuska biyu gare shi. Ɗaya tana sheƙi, gilashi ne zalla. Ɗayar dishi-dishi take, a kanta aka shimfiɗa jelatin, wani abu mai kama da danƙo, mai ɗauke da azurfa, wato hoton kansa. Na san wannan sarai. Sai dai ƙurar shekara ɗari da ɗoriya ta dusashe fuskokin biyu, ni kuma ganda ta hana ni karkata shi a gaban fitila in tantance. Jelatin da fumfuna ta riga ta ci ba ya jure ko ɗigon ruwa. Goga ɗaya, ya naɗe a jikin audugar kamar yanar madara, ya bar tsiri mai faɗin yatsa biyu, fes, daidai kan ƙofar gidan.

Yanzu kafin komai sai na sa safar hannu ta roba, don ta auduga santsi take yi kuma zarenta na kama gefen da ya fara ɓarewa. In karkata gilashin a hasken da ke zuwa daga gefe har in ga fuskar jelatin ƙarara. Ita iska kawai take samu daga ɗan abin hurawa na roba, sai buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa baki, shi ma idan ba ta ɓarewa. Auduga mai danshi ta fuskar sheƙi ce kaɗai, kuma ba ta kaiwa baki. Shuɗin ƙyalli da ake gani a gefuna ba datti ba ne, azurfar hoton ce ta taso sama. Wanda ya goge shi hoto ya goge.

Abin da ya sa tsirin nan ke ci mini rai sai daga baya na gane shi. Mutanen da dokar Amurka ta 1862 ta ba eka 160 bisa sharaɗin su zauna shekara 5 su noma, sun tarar da sarari ba itacen gini. Suka riƙa yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawa da garma, suna jerawa kamar tubali. Ɗakunan duhu gare su, don haka mai hoto waje yake fito da kowa da komai: dawakai, keken ɗinki, tebur, har kankana a yanke. Solomon Butcher, wanda ya fara zaga gundumar Custer da kyamara a 1886, ya ɗauki iyalin Hilton zagaye da kayan kiɗansu a fili, gidan ƙasar kuwa ba a bari ya shiga hoton ba. Idan aka buga hoton a takarda, ƙofofin gidajen nan baƙi ƙirin suke fitowa. A gilashi kuwa akwai ɗan abin da ya kama a wurin, siriri ƙwarai. Ƙungiyar tarihin Nebraska, wadda ta sayi gilasan Butcher sama da 3,000 a 1912, da ta shigar da su kwamfuta ta ɗaga hasken ƙofofin sai ga kayan ɗaki suna bayyana.

Nawa ba na Butcher ba ne, babu sunan kowa a jiki, amma na gwada dabarar. Allon haske a ƙasa, baƙin kwali da aka huda daidai girman gilashin don kada haske ya malalo ta gefe, kyamara a kafe daga sama, fuskar jelatin na kallonta. A ajiye hoton a tsarin fayil na TIFF mai bit 16, a kashe duk wani gyaran haske da na'ura ke yi da kanta, don shi ne ke fara shanye siririn wurin. Tsarin fayil na JPEG ba ya barin abin ɗagawa. A ƙofar gilashi na 4 gado na ƙarfe ya fito, da agogo a bango. A na 9, yarinya ce tsaye a cikin duhu, ta leƙo. Wanda na goge, shi ne mai ƙofa mafi girma, a buɗe wangam.

Tun da jelatin ke kallon kyamara, hoton a juye yake zuwa, sai an mai da dama hagu. Na manta da wannan a hoton garken shanu, sai lalas ɗin da ke cinyar wani sa ya tona ni, harafin R yana kallon baya. Ga mai son gano gandun da shanun suka fito, lalas a juye ɓata ne, don littattafan rajistarsa har ɓangaren jikin da ake ɗora shi suke faɗa.

Wajen gano shekaru kuma gilashin kansa na taimakawa. Yankan inji, kauri bai ɗaya, hoto baƙi sosai, irin wanda ake kira busasshen faranti ne, daga wajen 1880 zuwa gaba. Mai kauri da yankan hannu da launin toka-toka ya girme shi. Waya mai ƙaya a shinge, in ta fito a hoton, ba za ta kai ka baya da tsakiyar shekarun 1870 ba.

Jaridar na zubar, tsaminta ne ya ci gefen guda uku. Kowane gilashi yanzu yana cikin takarda marar tsami mai naɗi huɗu, ba ambulan da ake zurawa ba, don zurawa na kankare abin da ya ɗago. A tsaye suke kan dogon gefensu, ba a kwance ba, a ɗaki mai sanyi marar danshi. Wanda na ɓata shi ma yana cikinsu, lamba 7. Saniyar da maigidan da yara uku duk suna nan lafiya lau. A gefen tsirin, ta hagu, gefen siket ne da takalmi ƙafa ɗaya.