Kalangun mahauta a cikin waya

Kalangun na wani dattijo ne a Agege ta Legas, makaɗin mahauta, ya ce kakansa ya zo da shi daga Kano. Kangon ya yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu. Nufina in gina siffarsa a kwamfuta, mutum ya juya shi ta ko'ina a wayarsa, ya taɓa ya ji sauti. A gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, kallo kawai ake yi wa tsofaffin kaya, ba a taɓawa.

Siffar ba ta da wuya sosai. Za ka zagaye kalangun da kyamara kana ɗaukar hoto, daga sama, tsakiya da ƙasa, kowane hoto ya maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Manhajar Meshroom, kyauta ce, ita ke haɗa su. Rana mai ƙarfi tana ɓata aiki da inuwa, gara ranar da hadari ya rufe sama, Legas kuwa ba ta rowar hadari. Kangon ya fito har da tsagar gefensa, amma tsarkiyoyin sun cure wuri guda, sai da na zana su ɗaya bayan ɗaya a manhajar zane ta Blender. Mai shirin ɗaukar goge ko kakaki ya shirya: izgar doki ta yi siriri, ƙyallin ƙarfe kuma rikita manhajar yake yi.

Sauti ne ya ci mini lokaci. Na ce, "Baba, ku buga sau ɗaya a kowace fuska in naɗa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina za ka sa hammatar?" Gaskiyarsa. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da wannan kalangu yake bin hawa da saukar maganar Hausa har ya kira sunan mutum. Sai muka naɗi bugu a matsi daban-daban, da wanda ake matsewa bayan gula ta sauka, na sa wani maɓalli a allo da ake ja da yatsa a madadin hammata. Bai kai na gaske ba, amma mai kunne zai gane take.

Da sassafe muke naɗa, kafin janareta da motocin danfo su tashi, Baba kuma ya fara ɗumama fatar, don laimar Legas tana sakar da ita. Tsohon kalangun bai yarda a matse shi da ƙarfi ba, don haka muryar ta kalangun da yake fita da shi ce, kuma na rubuta hakan ƙarara a ƙarƙashin siffar. Akwai taken wasu gidajen mahauta da ya ce sai masu shi sun yarda. Har yanzu muna jiran amsarsu.