Babi na tara ya fito, kuma injin ya samu suna

'Yan'uwa da muke koyon sana'ar rubutun labari tare, wata biyu ke nan ban ba ku labarin inda na kwana ba. Ga shi a taƙaice, kafin in shiga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: littafin ya kai babi na tara cikin sha huɗun da na tsara, gajeren labarin da na fassara zuwa Turanci ya dawo mini ba a karɓa ba, sannan na ga samfurin farko na ɗan ƙaramin littafin da nake so in buga kafin azumi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, labarin yana faruwa ne a Nguru a shekarar 2088. A can aka haife ni, kuma tun ina yarinya nake jin manya suna tsine wa kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta sauya hali. Ruwa ya koma kwanciya wuri ɗaya duk shekara, abin da kachala ke so ke nan. Ta hana masunta wucewa da kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu maɓoya a cikinta suna fita su yi wa manoma ɓarna. A labarina, an kawo wani inji mai aiki da hasken rana wanda ke yawo shi kaɗai a cikin ruwa yana yankan ciyawar, yana kuma magana da mutane. Wata yarinya mai suna Falmata ce ke kula da shi. Rigimar ta taso ne lokacin da injin ya fara ƙin yanka wani yanki, ya kuma ƙi faɗin dalili.

Babi takwas na rubuta ina kiran abin nan "na'urar". Na'urar ta juya, na'urar ta ce, na'urar ta tsaya. Da na ƙirga, kalmar ta fito sau ɗari da goma sha bakwai. Na gwada "mutum-mutumi", sai ya zama kamar wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, ga shi kuma abin nawa bai yi kama da mutum ba ko kaɗan, ya fi kama da kwalekwale mai haƙora. Na gwada "ƙirƙirarriyar basira" a bakin wani masunci, na karanta da ƙarfi, na fashe da dariya ni kaɗai. Wannan kalmar gidan rediyo ce. Babu masuncin da zai tsaya a bakin ruwa da asuba yana cewa ƙirƙirarriyar basira ta yaga masa koma.

Gwaggo ce ta warware mini, ba tare da ta san ta yi ba. Ta zo Kano ganin likitan ido, ta sauka a wurina kwana shida. Wata rana bayan isha'i, an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, ta ce in karanta mata abin da nake ta dannawa a waya tun safe. Na karanta mata babi na uku. Ta yi shiru har na kai inda injin ya yi wa Falmata sallama, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yar nan. Aljanin nan musulmi ne?"

Na ce, "Gwaggo, ba aljani ba ne, inji ne. Ƙarfe ne da waya."

"To wa ke cikinsa?"

"Babu kowa."

Ta gyara zama, ta ce in ci gaba. Can da na kai inda yake aiki cikin dare kowa na barci, sai ta ce, "Allah sarki, gwauro. Ba mai dafa masa, ba mai jiransa." Washegari da safe tana shan koko ta tambaye ni, "Gwauron naki ya gama yankan?"

A ranar na koma babi na ɗaya na bi shi layi-layi. Yanzu a takardun hukuma cikin labarin sunansa wata doguwar lamba ce, amma duk Nguru Gwauro ake ce masa, yara har waƙar tsokana suke yi masa. Kuma da na zauna na yi tunani, ai haka muke yi tun asali. Wa ya zauna a ofis ya ce a kira babur mai ƙafa uku A-daidaita-sahu? Sunan shirin gwamnatin Kano ne na zamanin Malam Ibrahim Shekarau, mutane suka ɗauke shi suka liƙa wa babur ɗin, shirin ya wuce, sunan ya zauna. Helikwafta ya zama jirgi mai saukar ungulu domin wani ya kalli yadda yake dirowa ya tuna ungulu a mahauta. Ku dubi "'yan sama jannati" ma, akwai zolaya a cikinta in kun lura. Duk wanda ke rubuta labarin gaba da Hausa, shawarata ita ce ya daina tambayar kansa me ƙamus zai ce, ya tambayi me mai shayi zai ce bayan abin ya shekara biyu a unguwa.

Tambayarta ta farko kuwa, ta aljani, ita ce na fi daɗewa ina juyawa. Da fari haushi na ji, don na sha jin ta daga masu karatu. Da zarar abu ya yi magana ba mutum ba ne, sai a ce mutanen ɓoye. Amma laifin wa? Mai karatun Hausa ya taso da tatsuniya da labaran aljanu, yana da wurin ajiye irin wannan abu tun kafin in zo da nawa. Sai na daina faɗa da shi. Na sa tambayar a bakin wata tsohuwa a babi na biyu, na bar limamin garin da wani malamin makaranta su yi ta gardama a kai, har da batun ko ya halatta a amsa sallamarsa. Babin da na fi jin tsoro ya zama wanda na fi so.

Wannan ya sa na koma na sake karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Na fara karanta shi ina aji biyu na sakandare, kuma abin da na riƙe kawai shi ne an tafi da yaro Kilba sararin sama. A wannan karon abin da na lura da shi daban ne: marubucin bai yi gaggawar ɗaga mu sama ba, sai da ya bari muka san yaron da ƙiriniyarsa a ƙasa tukuna. Ni kuwa a rubutuna na farko, tun shafi na ɗaya na jibge wa mai karatu bayanin batir da faifan sola. Na cire shafi huɗu.

Karatuna dai bai da tsari, kada in yi muku ƙarya. Safiya ta makaranta ce, yamma ta girki, sai bayan isha'i nake samun awa ɗaya, in waya na da caji. Dokar da na kafa wa kaina ita ce in na karanta na Turanci ɗaya, sai na karanta na Hausa ɗaya kafin in taɓa rubutuna, domin na lura duk daren da na kwana da Turanci, washegari jimlolina sukan fito da ƙafar wando ɗaya ta Bature. A ɓangaren Turancin, ina bin mujallar Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014 don irin waɗannan labarai na marubutan Afirka. Na kuma gama Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Labarinsa a Najeriya yake faruwa a 2066, kuma abin da na ɗauka daga gare shi shi ne ko baƙi sun sauko daga sama, ɗan Najeriya sai ya nemi abin da zai sayar a gefen wurin.

Gajeren labarin da aka dawo mini da shi, wata mujalla ce ta ƙasar waje, bayan kwana saba'in da ɗaya. Layi biyu suka rubuto. Na yi fushi na yini guda, na ci tuwo na kwanta. Da na sake duba fassarar, na ga rabin daɗin yana cikin habaicin da kishiyoyi biyu ke yi wa juna, kuma a Turanci ya koma zagi tsirara. Na ajiye shi, da Hausarsa zai fita.

Shi ne zai buɗe ɗan littafin da na ambata, labarai biyar, shafi sittin da huɗu. Ranar Talata na je wurin mai ɗab'i na karɓi samfuri. Bangon ya yi kyau, shuɗi da ruwan ƙasa. Na buɗe shafin farko, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne a zaune. "Ƙarfe" ya zama akwati da "arfe". Yaron shagon ya ce, "Hajiya, ai sai mu mayar da su k da d kawai, kowa zai gane." Na nuna masa wani layi inda Falmata ta ji ƙara a cikin ruwa, na ce ya karanta da k. Ya karanta, ya sosa ƙeya. Matsalar daga nau'in haruffan da ke kwamfutarsu ne, ba shi da masu lanƙwasa. Ku da za ku kai aiki, ku mayar da shi PDF tun daga gida, ku buɗe a wata wayar ku tabbatar, kuma kada ku biya sauran kuɗi sai kun ga samfuri a takarda.

Babi na goma shi ne inda Falmata za ta shiga yankin da Gwauro ya ƙi yankawa. Na san abin da za ta tarar, amma ban taɓa tuƙa kwalekwale cikin kachala ba, ban san ko ganyen na yanka hannu ba, ban san irin ƙarar da yake yi in an ratsa shi ba. Gwaggo ta ce in zo hutun ƙarshen zango, ɗan maƙwabcinta masunci ne, zai shiga da ni da sassafe kafin iska ta taso.