Ranar da na tsaya wa mahaifiyar Shaihu Umar

Takardar farko da na kai wa Malam a kan littafin Shaihu Umar shafi huɗu ce, kwana biyu na yi ina rubuta ta. A tsaye ya karanta a bakin ofishinsa, ya miƙo mini ya ce, "'Yata, ai labarin kika sake ba ni. Na karanta littafin nan tun ba a haife ki ba. Me kike son faɗa a kansa wanda wani zai iya miƙewa ya ce bai yarda ba?"

Har na shiga a-daidaita-sahu zuwa gida maganar na cin raina. Amma gaskiya ya faɗa. Na cika shafin farko da tarihi: gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, da yadda marubucin Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista daga baya. Duk gaskiya ne, sai dai babu wanda zai yi musu da ni a kai, don haka babu abin da zan kare.

Goggona ce ta buɗe mini ido, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. A gidanta nake zaune a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Da daddare an ɗauke wuta, muna tsakar gida a kan tabarma, tana tsince shinkafar gobe da hasken fitilar caji, ni kuma ina karanta mata littafin a bayyane. Da na zo inda uwar Umar ta bar gida neman ɗanta har aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, sai Goggo ta ajiye faifan. Ta ce, "Shi yaron ai ɗaukarsa ake ta yi. Ita ce ta fita da ƙafarta." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in ci gaba.

A daren na ɗauko fensir na koma farkon littafin. Duk inda wani abu ya sami Umar sai in ja layi, duk inda uwarsa ta yanke shawara da kanta sai in yi da'ira. Kafin asuba abin ya fito fili. Umar sace shi aka yi yana yaro, aka tsince shi, aka sake kama shi, aka kawo shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, aka sa shi karatu. Rayuwarsa duk "aka, aka" ce. Ita kuwa babu wanda ya aike ta. Ta san hanya ba lafiya, ta san ana kama mutane, ta fita duk da haka. Sai na rubuta jimla ɗaya a saman sabuwar takarda: sunan littafin na Umar ne, amma jarumtar da ke cikinsa ta mahaifiyarsa ce. Ina gama rubutawa na ji gabana ya faɗi, domin na san za a yi mini musu. A nan na gane na samu abin da Malam yake nema.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yankewa. Ina da wani sakin layi da nake ji da shi a kan Dandalin Turawa, unguwar da Larabawan fatake suka zauna a Kano, da yadda ayari ke tashi daga nan zuwa Tarabulus. Na so in bar shi don unguwarmu ce, kullum ta nan nake bi. Amma da na tambayi kaina ko yana ƙara wa maganata ƙarfi, sai na ga ado ne kawai. Na rage shi zuwa layi biyu, iya abin da zai nuna wa mai karatu girman hanyar da matar nan ta bi.

Sannan na nemi wanda zai rushe ni tun kafin ranar gabatar da takardar a aji. Akwai wani ɗan ajinmu mai kaifin baki, na ba shi takardar na ce kada ya raga mini. Bai raga ba. Ya ce Umar ne ke ba da labarin da bakinsa ga almajiransa, shi ne ya zama malami, kuma a ƙarshe ai shi ma ya tashi da kansa neman uwar. Wannan ta ƙarshen ta girgiza ni, domin kuwa haka yake a littafin. Na yi kwana guda ina tunanin in ɓoye ta. Daga baya na ga in na ɓoye, duk wanda ya karanta littafin zai kama ni, kuma sauran hujjojina za su zube tare da ita. Sai na sa ta a gaba da hannuna, na amsa cewa haka ne ya tashi, amma a duba dalilin tashin: babbar tafiyar da ya zaɓa wa kansa, saboda ita ya yi ta. Hujjar da ta so kayar da ni ita ta zama ginshiƙin takardar.

Ranar gabatarwa muryata na rawa. Na karanta wuraren da na ja wa layi ɗaya bayan ɗaya, na bar kalmomin littafin su yi magana, ban ce "a ganina" ba sai sau ɗaya. Da na zo inda uwa da ɗa suka haɗu bayan shekaru, ta rasu ba da jimawa ba, aji ya yi tsit. Wani ya ɗaga hannu ya ce har yanzu bai yarda ba, ilimin Umar shi ne saƙon littafin. Malam ya ce masa ya kawo shafi. Ya buɗe littafinsa yana nema, ni ma na buɗe nawa, muka yi ta kai da komowa har lokacin darasi ya ƙare ba mu gama ba.

Da na koma gida Goggo na bakin murhu. Ta ɗago ta ce, "To, kin faɗa musu?" Na ce na faɗa. Ta ce in ɗauko littafin, akwai sauran shafukan da ban karanta mata ba.