Takardun ƙasan adaka

Mu huɗu ne a shagon, a nan cikin birnin Kano. Da ɗinkin littattafai na fara, rajistar makaranta da kundin ɗalibai, amma yanzu gyaran tsofaffin takardu da ɗaukar hotonsu a kwamfuta ya fi cin lokacinmu. Yawanci bayan rasuwa ake neman mu. An zauna rabon gado, an buɗe adakar tsoho, sai ga ƙunshin takardu da babu wanda ya san yadda zai yi da su.

Bara wata dattijuwa ta zo, jikanta na riƙe da gwangwanin alawa. Wasiƙu ne a ciki da mahaifinta ya aiko lokacin yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa zuwa can, runduna ta 81 da ta 82, kafin yaƙin ya ƙare a 1945. Wasu da boko, wasu da ajami, kuma hannun ba ɗaya ba ne, alamar rubuta masa ake yi. Kusan babu zancen yaƙi a ciki. Gaisuwa ce, da tambayar yaya damina, da saƙon a biya wani maƙwabci sule biyar da yake bin sa. Ina karantawa ta ce, "Ɗan nan, maimaita min wurin nan." Na ce, "To, Hajiya." Sau uku na maimaita, hawaye na zubo mata.

Abin da ya ƙona min rai, uku daga ciki an riga an kai su wani shago an liƙe su da leda mai zafi, wai don kada su lalace. Wannan ledar ba ta fitowa, in ka ja sai ta taho da tawadar. Haka salatif, bayan 'yan shekaru ya yi ja ya bar tabo. Mu buroshi mai laushi muke sa wa, mu cire ƙusar da ta yi tsatsa, mu shimfiɗa kowace a tsakanin farar takarda marar asid. Muna ɗaukar hoton gaba da baya, har da ambulan, domin hatimin gidan waya ne sau da yawa yake faɗin shekara. Kuma yadda mai su ya jera su, haka muke bari.

Na fi jin tsoron takardun kasuwa, don su ake fara miƙa wa mai ƙosai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni irin su John Holt da UAC suka riƙa hulɗa da 'yan kasuwarmu. Littafin samfurin atamfa, rasit, littafin bashi da aka rubuta da fam da sule kafin zuwan naira a 1973, a nan za ka ga abin da kakanninmu suka saya da nawa suka saye shi.

In iyali ba su da wurin da gara da danshi ba za su kai ba, nakan ce su tuntuɓi gidajen adana tarihi, Gidan Ɗan Hausa a nan Kano ko Arewa House da ke Kaduna. Hajiya dai ta ce nata ba za su kwana a waje ba. Muka yi mata akwatin kwali daidai girmansu, jikan ya tafi da hotunan a waya.